Hannun Malam Iro

A Samaru, daura da ƙofar jami'a,
shagonmu ne na uku in ka baro mai tsire.
Kwamfuta biyu, firinta mai tari,
da janareta da sai an lallashe shi.

Watan miƙa kundi ne.
Ɗalibai sun cika benci har bakin kwata,
kowa da babi biyar a hammata,
jan biron malami ya yi wa kowane shafi tsaga.

Malam Iro ne ya koya mini bugu.
Shekara tara ina kallon ƙeyarsa.
Kafin ciwon suga ya cinye idonsa
ya kwana uku yana saƙa wani abu
da ya kira makuro:
ki danna maɓalli ɗaya,
gefen takarda ya daidaita,
layi ya ba layi wuri,
lambar shafi ta sauka inda sashe ke so,
kanun babi su taso su yi sahu.
Aikin wuni, kafin shayi ya huce.

Bara aka kai shi, bayan la'asar.
Shekaranjiya tsohuwar kwamfutar ta bi shi.

Na kwashe kayansa zuwa sabuwa,
na danna maɓallin nan. Shiru.
Sai wani zare ruwan ɗorawa a saman allo:
an tsare makuro, ba a san mai shi ba.

Ba a san mai shi ba!
Mutumin da har yau shatin yatsunsa
ke kan madannan da muka ajiye a kwali.

Na bi lungu-lungu har zauren tsaro.
Ƙofa huɗu na tarar.
Ɗaya ta ce a rufe ruf, kada ma a gaya mini.
Ɗaya ta ce a rufe, amma baƙo ya yi sallama.
Ta uku sai mai hatimi,
shi kuwa Malam ko katin shago bai taɓa bugawa kansa ba.
Ta huɗu wangame take, kowa ya shigo.

Tanimu, ɗan ajin ƙarshe, ya leƙo ta kafaɗata:
"Anti Balaraba, ta huɗun mana,
ƙarfe biyu malamina zai wuce Kaduna."

Ban amsa ba. Damina biyu baya
na taɓa danna "na yarda" don sauri,
a kan fayil ɗin da ban san asalinsa ba.
Kundi arba'in suka koma tsutsar rubutu.
Wata yarinya daga Giwa ta zauna a dakalin can
riƙe da filashinta kamar mataccen ɗan tsako,
ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ci na ke nan.
Malam bai yi faɗa ba.
Kwana shida muka yi muna sake bugawa kyauta.

Na zaɓi ƙofa ta biyu.
Sannan na ware jaka guda,
na shaida wa na'ura: abin da ke nan amana ne,
ni na san mai shi ko ke ba ki sani ba.
Na sa mata suna Ɗakin Iro.

Fayil ɗin Tanimu ma ya zo da nasa zaren.
"Wa ya ba ka?"
"Wani ne ya turo a waya."
Na bar baƙonsa a waje, na ɗebi rubutun zalla.

Bismillah. Na danna.

Shafi ɗari da sha ɗaya suka motsa
kamar ana shara da sassafe.
Sai ƙaramin akwati ya fito tsakiyar allo,
wanda na sha rufewa ban karanta ba,
da ƙ ɗinsa marar lanƙwasa:

An kare. A sha ruwa.

Tanimu ya duba agogo.
Ni na miƙa hannu, na ɗauki kofi.